Sharm el-Sheikh: Ci gaban da ya mai da mai gida baƙo

Mun sha jin masu cewa a dubi Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar, yadda aka mai da hamada birnin otal-otal a bakin Bahar Maliya, wai ga ci gaba nan. Mu ba mu yarda da wannan yabo ba, domin ba a sa mutanen da aka tarar a wurin cikin lissafi ba.

Kudancin Sinai yana da masu shi tun kafin a kafa tubalin otal na farko. Badawiyawa ne, wato Larabawa makiyaya na hamada, irin ƙabilar Muzaina da ke yankin Sharm da Dahab, da Tarabin na wajen Nuwaiba. Suna kiwon raƙuma da awaki, suna kamun kifi, suna da itatuwan dabino da rijiyoyin da kowa ya san na gidan wane ne. Da Isra'ila ta fice daga Sinai a 1982, sai gwamnatin Masar ta riƙa sayar wa manyan 'yan kasuwa filayen bakin teku. Hujjarta ita ce a doka ƙasar hamada ta gwamnati ce. Mutumin da kakanninsa suka zauna a wuri amma ba shi da takarda, rana ɗaya ya wayi gari an zagaye inda yake jefa koma.

Za a ce ai an samar da aikin yi. Wa aka ba aikin? Akasarin ma'aikatan otal-otal daga Alƙahira da garuruwan bakin kogin Nilu ake kwaso su. Abin da aka bar wa Badawi shi ne ya ɗora Bature a raƙumi, ya dafa masa shayi a tanti, 'yarsa ta bi masu shan iska da awarwaro tana talla. Ana sayar da sunansa da rawaninsa a takardun talla, riba kuma ta wuce wani aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In kuma masifa ta zo, shi take fara samu. Bayan harin bam na Taba a 2004, an kama dubban mazauna Sinai, da mai hannu da marar hannu. Da jirgin Rasha ya faɗi a 2015, mutum 224 suka rasu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Mai otal yana da jari a wani wuri, shi kuwa mai raƙumi babu baƙo, babu kuma wurin kiwon da zai koma. A 2021 aka kammala shingen kankare da waya mai tsawon kilomita 36 a kewayen Sharm. Ba mu raina maganar tsaro ba, amma ɗan ƙasa ya koma sai an tantance shi a ƙofa kafin ya shiga garin da aka gina a filin kakansa.

Ba gina otal muke ƙi ba. Cewa muke a amince da mallakar gado, a biya diyya, a ba 'ya'yan wurin kaso a aiki da riba, a bar musu hanyar zuwa teku. Duk wanda Allah ya kai shi can, ɗalibi ko ɗan kasuwa, ya sayi kaya a hannun Badawi kai tsaye, ya nemi masaukinsu a Dahab ko Nuwaiba. Kafin kuma mu yabi kowane gini, mu fara tambayar wa aka tasa, ina kuma ya koma.

Allah ya bi wa duk wanda aka zalunta haƙƙinsa, amin.

Sakatare