Hangen Dala ba shiga birni ba ne

A hunturun bara ɗan yayata, wanda aka haifa kuma ya girma a Faransa, ya kawo mana ziyara nan Njamena tare da wani abokinsa Bature da suka yi karatu tare. Hutun kwana goma suka samu. Daren da suka sauka, bayan an ci tuwo an sha shayi, sai ya matso kusa da ni ya buɗe wayarsa, ya ce, "Kawu, ga tsarin tafiyarmu, ka duba mana." Kwana ɗaya a bakin Tafkin Cadi, kwana biyu a gandun dajin Zakuma don ganin giwaye, rabin yini a Abeshe don gaida kakarsa, ƙanwar mahaifiyarmu, sai kwana biyu a duwatsun Enedi, kwana ɗaya a tabkunan Uniyanga, sannan a dawo Njamena a huta kafin ranar jirgi. Na karanta har sau biyu, na ce masa, "Ɗana, wannan ai tafiyar wata guda ce ka cusa cikin mako ɗaya da 'yan kwanaki." Ya yi dariya, ya nuna mini taswira, ya ce ai duk cikin ƙasa ɗaya suke.

Gaskiyarsa, cikin ƙasa ɗaya suke. Sai dai ƙasar ita ce Cadi, mai faɗin murabba'in kilomita 1,284,000, ta biyar a girma a duk Afirka bayan Aljeriya da Kongo da Sudan da Libiya. Ta fi Nijeriya girma, ta ɗara Nijar kaɗan, kuma in aka zuba Faransa biyu a cikinta sai an samu ragowa. Daga iyakarta da Libiya zuwa iyakarta da Afirka ta Tsakiya akwai sama da kilomita 1,700. Wanda ya bi ta daga arewa zuwa kudu zai fito daga rairayin da kan shekara bai ga ɗigon ruwa ba, ya ratsa ƙasar makiyaya, ya ƙare a gonakin auduga na wajen Mundu.

Ra'ayina shi ne, wannan kuskure da baƙi daga ƙetare ke yi ya wuce abin dariya a wurin hira. Yana jawo asarar kuɗi da ɓacin zumunci, wani lokaci har da asarar rai. Kuma mu masu masauki muna da namu kason na laifi a ciki.

Mu fara da inda kuskuren ya samo asali. Yaron nan ya tashi a ƙasar da mutum kan shiga jirgin ƙasa a Paris bayan karin kumallo, ya sauka a Marseille, kusan kilomita 800, kafin azahar, cikin awa uku da 'yan mintoci. Don haka in ya ji an ce kilomita 800, abin da zuciyarsa ke lissafa masa shi ne awa uku a kan kujera mai laushi. A Cadi kuwa babu layin dogo ko ɗaya. Daga Njamena zuwa Abeshe ta hanyar Bokoro da Mongo da Um Hajar kusan kilomita 900 ne, kuma motar da ta tashi da asuba sai dare take isa, in ba a yi faci ba, in kuma ba a daɗe a shingayen jandarmomi ba. Wannan ma hanyar kwalta ke nan. Zakuma tana can kudu maso gabas, wajen Am Timan, kuma da damina ruwa kan malale yankin har a rufe gandun ga masu ziyara. Enedi kuwa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, masu zuwa can daga Njamena kan yi kwana uku a hanya cikin motoci masu ja da ƙafa huɗu, ɗauke da man fetur da ruwan sha da abinci, suna kwana a fili. Uniyanga, wadda ta samu irin wannan matsayi a 2012, tana gaba da nan can arewa.

Ita ma taswirar tana da hannu. Wadda aka fi liƙawa a bangon makarantu ta samo asali ne daga zanen da Gerardus Mercator ya yi a 1569 domin amfanin matuƙan jiragen ruwa. Tana kumbura ƙasashen da ke can arewacin duniya, tana barin na tsakiya a tsuke. A kanta tsibirin Girinlan kan yi kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Yaron da ya girma yana kallon wannan zane ba zai taɓa zaton ƙasar kakanninsa ta ninka ƙasar haihuwarsa ba. Sannan ga wayar hannu, wadda ke ja maka shuɗin layi daga gari zuwa gari ta ce awa kaza, ba ta san kwarin da ya cika da ruwa jiya da dare ba, ba ta san shingen da akan rufe hanyar ƙasa da shi bayan an yi ruwa don kada manyan motoci su farfasa ta ba, ba ta kuma san garin da mai ya ƙare a cikinsa ba.

Kakanninmu da suka zauna a wannan ƙasa sun fi mu sanin ma'aunin tafiya. Da yawa daga cikin Hausawan Cadi zuriyar fatake ne da mahajjata waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram, suka ratsa Barno, suka ƙetare kogin Shari, suka nufi gabas ta Ati da Abeshe da Adare, su shiga Darfur, su bi ta Fashir da Ubayyid har bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ko ɗinki, ko koyar da yara karatu, ya tara guzuri ya ƙara gaba. Wasu suka isa Makka, wasu suka yi aure a hanya suka kafa unguwanni. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa sun bi wannan tafarki, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Waɗannan mutane da zango suke auna nisa. Madugu ba ya tambayar tsawon hanya kawai. Yakan tambayi zango nawa ne, ina rijiya, wane wata ake bi, wa ke da iko da wurin, kuma dabbobi za su samu abin ci ko kuwa. Zango ma'auni ne da ya haɗa nisa da ƙarfin jiki da ruwa da aminci wuri guda, shi ya sa har gobe ya fi kilomita faɗin gaskiya a ƙasa irin tamu.

To, mene ne abin damuwa in baƙo ya yi kuskuren lissafi? Na farko, direba ne ke ɗaukar nauyin. Baƙon da ya biya kuɗin mota, jirginsa kuma yana jiransa ranar kaza, yakan matsa a yi tafiyar dare, a tsallake hutu, a tafi da mota ɗaya inda ya kamata a tafi da biyu. Direba talaka ne mai iyali, yana kunyar ya ce a'a, yana kuma tsoron kada a ba wani aikin. Sahara kuwa ba ta san uzuri ba. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Su talauci ne ya fitar da su, ba yawon buɗe ido ba, amma rairayin da ya ci su ba ya tambayar dalilin tafiyar mutum.

Na biyu, baƙon da lissafinsa ya rushe yakan ɗora laifin a kan mutanen ƙasa. Ya koma gida yana cewa ba mu san darajar lokaci ba, ba mu cika alkawari. Wannan magana tana da nauyi idan ta fito daga bakin masu aikin agaji ko masu ba da kuɗin ayyuka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako zuwa Adare da kewaye. Buhun hatsin da aka sauke daga jirgin ruwa a Duwala sai ya yi tafiyar wajen kilomita 1,800 kafin ya iso Njamena, sannan ya kama hanyar Abeshe, sannan ya ƙarasa iyaka. Wanda ke zaune a ofis a Turai yana tsara wa'adi da taswira a gabansa, in bai san wannan ba, zai ga kamar sakaci ne ya jinkirta kayan, alhali faɗin ƙasa ne da damina.

Na uku, zumunci ne ke shan wahala. 'Ya'yanmu da ke ƙetare kan zo sau ɗaya a shekara biyar ko goma. In suka cika kwanakinsu da wuraren ɗaukar hoto, tsofaffin da suka daɗe suna ƙirga ranaku sai su samu gaisuwar tsaye. Kakar yaron nan ta haura shekara tamanin, amma rabin yini ya ware mata, Enedi kuwa kwana biyu.

Yanzu ga namu laifin. Mu mutane ne masu kunyar baƙo, ba ma son mu karya masa gwiwa. In ya tambayi nisan wuri sai mu ce "nan kusa ne", ko "yanzu za ku isa". Wanda ya taɓa tambayar makiyayi hanya ya san irin wannan "nan bayan dutsen can", wanda kan cinye yini guda. A wurin mai faɗa ladabi ne da ƙarfafa zuciya, a kunnen baƙo kuwa alkawari ne. Wasu masu hayar motoci ma da gangan suke rage nisa don kada ciniki ya kuɓuce. Ni a ganina karamcin da ya fi shi ne ka gaya wa baƙonka gaskiya tun yana gida, kafin ya sayi tikiti: wuri kaza kwana kaza ne zuwa, kwana kaza dawowa, a wata kaza ba a bi, kuma ka ƙara kwana ɗaya don abin da ba a zata ba.

Akwai masu cewa irin wannan magana tana korar baƙi, ƙasar kuma tana bukatar kuɗin da suke kawowa. Wasu kuma su ce maimakon a koya wa baƙo haƙuri, gara a matsa wa hukuma ta gyara hanyoyi. Maganar hanyoyi gaskiya ce, kuma mu da muke binsu da marasa lafiya da mata masu naƙuda mun fi kowane baƙo bukatar gyaransu. Amma ko an shimfiɗa kwalta daga Njamena har Faya, nisan yana nan, zafin yana nan, injin mota kuma ba ya daina lalacewa. Batun korar baƙi kuwa, wanda aka ruɗa ya zo ya sha wuya shi ne ke hana goma zuwa. Wanda aka gaya wa gaskiya ya zaɓi yanki ɗaya, ya zauna ya more shi, shi ne ke dawowa da abokansa.

Kada kuma mu ɗauka wannan cuta ta Turawa ce kaɗai. Sau nawa muka ji tsohuwa ta ce wa mai tafiya Amurka, "In ka je ka gaida mini ɗana," alhali mai tafiyar New York ya nufa, ɗan kuwa yana Los Angeles, tafiyar awa biyar zuwa shida a jirgin sama? Maniyyata nawa ne suka zaci daga Makka za su leƙa Madina su dawo kafin la'asar, sai suka tarar da sama da kilomita 400 a tsakani? Har 'yan'uwanmu na Kano, in sun ji kana Cadi, sukan ba ka saƙo ka kai wa wani a Abeshe, ba su san cewa daga Njamena nisan Abeshe ya yi daidai da komawa Kanon ba, ko ya fi. Kowa yakan auna ƙasar wani da tafin ƙafar garinsu.

Daren nan mun daɗe muna ja-in-ja da ɗan yayata. Daga ƙarshe na kira wani maƙwabcina, tsohon direba da ya yi shekaru yana bin hanyar arewa, ya zauna ya lissafa musu zangon da ke tsakanin kowane gari da na gaba, da inda ake samun mai da inda ba a samu. Bature ya yi shiru yana rubutawa. Da safe suka soke Enedi da Uniyanga da Zakuma. Suka yi yini guda a ƙauyen Gawi da ke gefen Njamena suna kallon aikin matan da ke gina tukwane, washegari suka kama hanyar Abeshe. Kwana huɗu suka yi a can. Tsohuwa ta kai shi kabarin kakansa, ta ba shi labarin yadda mahaifinta ya taso daga Kano da niyyar hajji, ya yi damina uku a hanya kafin ya iso Wadai, ya tsaya neman guzuri, tsayuwar da ta zama zama. Da suka dawo na tambaye shi yaya hanya, ya ce, "Kawu, bayana har yanzu ciwo yake yi." Ya ce in Allah Ya kai mu baɗi zai nemi hutun mako uku, ya tafi Enedi ita kaɗai.

Wanda ke da baƙo a tafe bana, ya kira shi tun yanzu ya tambaye shi tsarinsa, ya ƙirga masa kwanakin hanya ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.