Bayan ficewa daga IPPIS: Wa zai tsare jerin albashin jami'o'i?

A watan Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i da sauran manyan makarantunta daga tsarin biyan albashi na IPPIS. Ƙungiyar ASUU ta daɗe tana neman haka, batun ma yana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022. Hujjarta kuwa tana da ƙarfi, domin tsarin da aka gina don ma'aikatan gwamnati bai san da malamin da aka aro daga wata jami'a ba, balle mai hutun bincike.

Sai dai kada a manta cewa an ƙirƙiro IPPIS ne a 2007 domin toshe kafar ma'aikatan bogi. Wannan nauyi yanzu ya koma wuyan magatakarda da ma'ajin kowace jami'a. Inda bayanan ma'aikata ke cikin fayil a wani ofishi, lissafin albashi kuma yana cikin kwamfutar wani, sunan wanda ya rasu ko ya bar aiki zai iya shafe watanni yana karɓar kuɗi, yayin da wanda aka yi wa ƙarin girma ke zaman jira. Sayen sabuwar manhaja ba zai hana haka ba, matuƙar ofisoshin biyu ba rumbun bayanai ɗaya suke dubawa ba.

Gwamnati dai ba ta karɓi UTAS, manhajar da ASUU ta ƙera, ba. Ta GIFMIS ake sakin kuɗin, wato har yanzu mabuɗin asusu yana Abuja.