Abin Da Ka Noma Kada Ya Ruɓe A Hannunka

Ƴan uwa mazauna bakin iyaka, daga Gaya zuwa Konni, daga Madarunfa da Ɗan Isa zuwa Matamaye da Magarya. Manomi da mai lambu, uwar gida da ɗan kasuwa, da kai direban da ke kwana a hanya, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kaka ta yi, an ɗaure dammuna, an casa wake. Ranar 27 ga Disamba 2020 kuma za ka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta ƴan majalisa. Kafin ranar ta zo, ka zauna a gidanka ka yi wannan lissafi. Cikin abin da ka noma bara, nawa ne ya shiga tukunya? Nawa ƙwari suka cinye a buhu? Nawa ya ruɓe a rudu? Nawa ka sayar da arha a kaka don biyan bashi, sa'an nan ka dawo kasuwa a tsakiyar damina kana sayen tiya da tsada, ta hatsin da wataƙila daga gonarka ya fito?

Kullum ana ce mana yunwa daga sama take zuwa. Fari, fara, ambaliya irin wadda muka gani a 2020. Wannan gaskiya ne, kuma ruwan sama a hannun Allah yake. Amma yunwa tana da wata ƙofa da take shigo mana, tsakanin gona da tukunya, kuma makullin wannan ƙofa yana hannun hukuma. Waɗanda suka ga shekarar 2005 sun san haka. Akwai hatsi a kasuwar Maraɗi, kuɗin sayensa ne babu a hannun talaka, yara kuma suna cika gidajen jinyar tamowa. Samun cimaka a ƙasa daban, isarta bakin yaro daban.

Inda cimakarmu take zuba

Fara da wake. Shi ne kuɗin talaka a jihohin Maraɗi da Damagaram da Doso. Ka zuba shi a buhu, bayan ƴan watanni ka buɗe ka tarar da huji da gari. Wanda ya ji tsoron haka yana sayarwa tun a kaka, lokacin da wake ba ya da daraja. Wani kuma ya barbaɗa maganin da bai san asalinsa ba, iyalinsa su ci. Alhali maganin matsalar yana nan. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, yana kashe ƙwarin da rashin iska, ba sai an sa guba ba. Masu bincikenmu na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi, kuma an soma baza shi tun 2007. A 2020 shekara goma sha uku ke nan. Manoma nawa ne a garinku suke samunsa a kan kari, da farashin da za su iya?

Koma ga albasa. Ta Galmi ta yi suna har Akara da Abijan. Amma kusan a lokaci guda ake cire ta, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa. Wanda ya daure ya ajiye a rudu yana jiran tsada, zafi da laima su shiga, ya riƙa tsince ruɓaɓɓu yana zubarwa har ya rasa ko riba yake jira ko asara. Mai tumatir shi ko jiran ma ba ya samu. In bai sayar yau ba, gobe sai ya yanka ya shanya kauɗa a ƙasa, cikin ƙura da awaki.

Sai hatsi. Hatsi yana jure ajiya, mai shi ne ba ya iya jurewa. Bashin damina yana jira, kuɗin makaranta, rashin lafiya, suna, aure. Dole ya kai kasuwa a lokacin da kowa yake kaiwa. Mai kuɗi ya saya ya kulle a mangaza, ya jira watan Yuli. Gumin na manomi, ribar ta mai mangaza.

A ƙarshe hanya. Motar albasa ko ta tattasai ba ta san haƙuri ba. Kowane shinge da aka tsayar da ita, kowace sa'a da ta yi a rana ana ciniki a kan takardun da suke cikakku, kaya ne yake lalacewa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, kun ga abin da ya faru a Ɗan Isa da Konni. Motoci sun yi layi, kaya sun ruɓe, masu dako sun zauna, jarin mutane da yawa ya karye. Dattawa sun tuna da rufewar 1984, wadda ta haɗu da fari, har aka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari.

Alkawarin yana rubuce, cikawa ce babu

Ba wani sabon abu muke roƙo ba. Kundin tsarin mulki na 2010, a aya ta 12, ya sa samun abinci mai lafiya kuma isasshe cikin haƙƙoƙin kowane ɗan ƙasa, tare da ruwan sha da lafiya da ilimi. Haƙƙinka ne, kamar yadda ƙuri'arka take haƙƙinka.

A 2014 shugabannin Afirka sun taru a Malabo suka ɗauki alkawarin rage asarar amfanin gona bayan girbi da rabi kafin 2025. Nijar tana cikinsu. A 2020 saura shekara biyar. A 2012 kuma aka soma yi mana waƙar shirin 3N, ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, aka ce kowace ƙaramar hukuma za ta samu gidan manoma, da mangazar cimaka da ta iri da taki. Ba sai mun gaya maka yadda ta kaya ba, kai ne mazaunin wurin. Je ka duba na ƙaramar hukumarku. An gina shi? In an gina, me ke ciki? Wa ke riƙe da makulli? A 2020 masu mulki sun kusa cika shekara goma, da rinjaye a majalisa. Abin da mutum bai yi ba a shekara goma, da wace hujja zai nemi ƙarin biyar?

Doka tana iya hana ɓarnar abinci, an gani a wasu ƙasashe. A 2016 Faransa ta hana manyan kantuna lalata abincin da ba a saya ba matuƙar yana ciyuwa, ta tilasta musu su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji su ba su shi. Kwafo wannan doka ba zai amfane mu ba, domin tasu ɓarnar a kanti take, tamu kuwa a gona da rumbu da hanya. Darasin da za mu ɗauka guda ne: sun gano inda nasu yake zuba, majalisa ta rubuta doka ta toshe wurin. Kowa ya san inda rufin ɗakinsa yake yoyo.

Abin da ƴan majalisarmu za su kai zaure

Na ɗaya, sayen hatsi a kaka, daga hannun manomi. Hukumar OPVN tana nan tun 1970, aikinta ke nan ajiyar cimakar ƙasa. Muna son doka ta wajabta a fitar da kuɗin saye kafin girbi, a sanar da farashi a rediyo da Hausa da sauran harsunanmu, a saya daga ƙungiyoyin manoma kai tsaye, a biya a kan lokaci. In hukuma ta makara sai hatsi ya riga ya koma hannun manyan ƴan kasuwa, tana saye da tsada, manomi kuma bai ga ko dala ba.

Na biyu, bashi a kan ajiya. An san wannan tsari a ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1990. Manoma su zuba hatsi ko wake a mangaza mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Su karɓi kuɗi su yi kiwo ko noman rani. In farashi ya tashi su biya, su kwashi kayansu, ko su ci ko su sayar. Inda aka riƙe amana ya yi amfani. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne ƙarancin mangaza mai kyau da tsadar kuɗin ruwa. Muna son doka ta amince da takardar ajiya a matsayin jingina, ta ƙayyade abin da za a ɗora wa manomi, ta kuma buɗe hanyar bashi marar ruwa ga mai gudun riba.

Na uku, kayan ajiya su sauka. A cire kuɗin duwan da haraji a kan buhun ajiya da kayan shanya tumatir da tattasai. A ware kaso sananne a kasafin kuɗin ƙasa don gina ma'ajiyar albasa mai shan iska a yankin Galmi da Madawa da Konni, a hannun ƙungiyoyin masu lambu, har da na mata, domin su ne masu kauɗa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Na huɗu, hanya ta buɗe wa kayan gwari. A rubuta yawan shingayen da doka ta yarda da su a kowace hanya, a liƙa a tasha kowa ya gani. Motar da ta ɗauko abin da ke ruɓewa a sallame ta da wuri. Ma'aikacin da ya karɓi abin da ba shi da rasit, a hukunta shi.

Na biyar, rabo a fili. Duk buhun da ya zo na sayarwa da rahusa ko na rabon kyauta, a karanta yawansa a gaban mai gari da liman da wakilan mata, a liƙa sunayen garuruwa da adadi a ofishin magajin gari. Kada a tambayi kowa katin jam'iyya kafin a auna masa. Kowace shekara minista ya zo gaban majalisa ya faɗi abin da aka saya, abin da aka raba, da abin da ya lalace a mangaza, da dalili.

Za su ce maka

Za su ce babu kuɗi. Ka tuna musu da binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020, wanda ya ambaci sefa miliyar 76 da suka bi ta hanyar aringizon farashi da kayan da ba a kawo ba. Mangaza nawa wannan kuɗi zai gina? Buhu nawa zai saya? Kuma ajiye buhun da aka riga aka noma ya fi sauƙi a kan sayo wani daga waje bayan yunwa ta shigo.

Za su ce iyaka Najeriya ce ta rufe, ba mu ba. Haka ne. Amma a 2020 ƙasashen biyu suna cikin CEDEAO, wadda ƙa'idarta ta yarda amfanin gonar yankin ya ƙetare ba tare da kuɗin duwan ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai tun shekarun 1970, akwai maganar hanyar Kano, Katsina, Maraɗi da aka daɗe ana yi. Gwamnatin da ta damu da kai za ta nemi yarjejeniya a rubuce, cewa ko an samu saɓani a kan shinkafar waje ko man fetur, hatsi da wake da albasa da dabbobi su wuce. Kasuwar Dawanau da ta Jibiya da ta Maigatari suna bukatarmu kamar yadda muke bukatarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za ka iya cewa da kanka, doka nawa aka rubuta ta kwanta a takarda? Tambayarka tana kan hanya. Shi ya sa kowane abu cikin biyar ɗin nan muka sa masa abin da za ka gani da idonka: farashi a rediyo, takarda a bango, makulli a hannun ƙungiyarku, minista a gaban majalisa. In ba ka gani ba, ka san wanda za ka tuhuma, mu ma har da mu. Ajiye wannan takarda a cikin akwati, ka fito da ita ranar da ɗan majalisarmu ya dawo gaisuwa.

Tanadi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane yaro ya ji ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda aka ajiye amfanin shekarun yalwa a zangarniyarsa har ya ciyar da jama'a a shekarun fari. Kakanninmu ma suna da rumbun tsimi da ba a taɓawa sai wuya ta yi wuya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma a nan zama ma asara ne, domin duk shekarar da ta wuce ba gyara, ƙwari da laima da shinge suna karɓar zakkar da ba tasu ba.

A ƴan kwanakin nan za a zo ƙofar gidanka da shinkafa da atamfa da jika ɗaya ko biyu. Shinkafar za ta ƙare kafin sati ya zagayo, wanda ka zaɓa kuwa shekara biyar zai yi. Duk ɗan takarar da ya zo, namu ko nasu, ka zaunar da shi ka tambaye shi: me za ka yi wa waken da ke buhuna, da albasar da ke ruduna, da motar da ke tsaye a shinge? Uwar gida, ke ma ki tambaya, ke ce kika san ranar da rumbu yake ƙarewa.

Nemi katin zaɓenka tun yanzu. Ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020 ka fita da wuri, ka tafi da maƙwabcinka, ka zaɓi canji, ka tsaya a ƙidaya ƙuri'a a gabanka cikin lumana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a abin da muka ajiye, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.