Shekara Biyar Don a Kira Ka Dakta?

A 'yan watannin nan mutum uku sun tuntuɓe ni da magana ɗaya, kamar sun haɗa baki. Biyu ma'aikatan banki ne, na ukun yana sashen kwamfuta na wata hukumar gwamnati. Kowannensu yana son ya tafi ƙetare ya yi digirin digirgir a fannin tsarin sarrafa bayanai, a makarantar koyon kasuwanci. Na tambayi na farkon wace tambaya ce ke hana shi barci, har yake son ya ba ta shekara biyar daga rayuwarsa. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba aboki, a samu gurbin tukuna. Batun bincike ai ba ya wuya." Wannan amsar ce ta sa na zauna rubutun nan.

Kafin in juyo kansa, akwai waɗanda zan fara sallama, wato masu cewa wannan fanni kimiyyar kwamfuta ce ta waɗanda lissafi ya koro. Ba su san abin da suke rainawa ba. Fannin ya yi saiwa ne a Jami'ar Minesota da ke Amurka, inda Gordon Davis da abokan aikinsa suka kafa cibiyar bincike a 1968. Daga can ne babbar mujallarsa, MIS Quarterly, ta fara fitowa a 1977, aka kuma yi taronsa na duniya na farko a Filadelfiya a 1980. Damuwar injiniya ita ce ko manhaja tana aiki. Shi kuwa ɗan wannan fanni yana bin diddigin abin da ke samun ofis da ma'aikata da masu hulɗa da su bayan an shigo da manhajar: wa ya samu iko, wa ya rasa, kuma wa ake gaskatawa idan mutum da na'ura suka saɓa.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar tambaya ce ya dubi abin da ya faru a gidan wayar Birtaniya. A 1999 aka fara girka wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita, a rassan gidan waya. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassa sama da 900 bisa zargin sata ko ha'inci a lissafi. An ɗaure wasu, har da mace mai juna biyu, wasu kuma sun sayar da abin da suka mallaka don cike kuɗin da ba su taɓa ba. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai. To, kowace manhaja tana kuskure. Abin da ya mayar da kuskure ya zama zalunci shi ne yarjejeniyar da ta ɗora wa mai reshe alhakin kowane giɓi, da shugabannin da suka yi shekaru suna musanta cewa ana iya taɓa lissafin reshe daga nesa, da kuma ƙa'idar shari'a da ke ɗaukar kwamfuta a matsayin mai aiki daidai har sai an kawo hujjar akasin haka. Gyaran layukan manhaja kaɗai ba zai warkar da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Aikin wannan fanni ke nan, kuma mazauninsa a makarantar kasuwanci ya dace.

Saboda girman fannin ne ma amsar abokina ta ɓata mini rai. Ganin kitse yake wa rogo. A manyan makarantun kasuwanci na Amurka, wannan digiri horon zama malamin jami'a ne kuma mai bincike, ba wani abu ba. Yakan ɗauki kimanin shekara biyar. Biyun farko darussa ne masu nauyi na ƙididdiga da tattalin arziki da hanyoyin bincike, sai jarrabawar da ke tantance wanda zai ci gaba. Kowane sashe ɗalibai 'yan ƙalilan yake ɗauka a shekara, ya yafe musu kuɗin makaranta, ya ba su alawus ɗin da zai riƙe su. Ba don Allah suke yi ba. Suna zuba jari ne a kan wanda zai buga maƙaloli a mujallu ƙalilan da ake ƙirgawa, irin su MIS Quarterly da Information Systems Research, ya samu koyarwa a wata jami'a mai suna, sunan sashen ya ɗaukaka. Maƙala guda tana iya shekara biyu ko uku tana kai da kawo tsakanin marubuci da masu tantancewa, daga ƙarshe kuma a ƙi ta. Mutumin da burinsa shi ne ya dawo banki da ƙarin girma, ko a riƙa sa masa "Dakta" a katin ɗaurin aure, zai gane a shekara ta biyu cewa ya hau motar da ba garinsu za ta ba.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba na watsar da shi. A jami'o'inmu malami ba ya wuce wani mataki sai da wannan digiri, don haka wasu dole ce ta sa su. Na yarda. Sai dai dolen ba ta tilasta wa kowa ya rubuta kundin da ba shi da rai, kuma a nan ne fushina ya fi yawa.

A 1989 Fred Davis ya buga wani nazari da ya zama ginshiƙi. Ya nuna cewa abubuwa biyu ne suka fi sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: yadda yake ganin amfaninta, da yadda yake ganin sauƙinta. Ya gwada wannan a kan ma'aikatan IBM da ɗaliban digiri na biyu na kasuwanci. Aiki ne mai kyau a zamaninsa. Amma ya zama tabarmar da kowane malalacin mai bincike ke shimfiɗawa. A raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari uku, a sauya sunan fasahar, a sauya sunan garin, a zuba amsoshi a manhajar ƙididdiga, a gano cewa mutane sun fi son abu mai amfani kuma mai sauƙi. Wa bai san haka ba? Tun a 2007 manyan malaman fannin biyu, Izak Benbasat da Henri Barki, suka yi kukan cewa wannan salo ya janye hankalin masu bincike daga tambayoyin da suka fi muhimmanci. Mu kuwa har yau muna yayinsa. A aikina na jarida na sha buɗe irin waɗannan kundaye ina neman abin da zan kafa hujja da shi, in rufe ban tsinci komai ba.

Abin takaicin ma, salon ya ginu ne a kan zaton cewa mutum yana da zaɓi. Wane zaɓi ɗan kasuwar Kantin Kwari yake da shi a watan Fabrairun 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya ƙafar da takardun kuɗi, ya koma tura kuɗi ta waya ko ya rufe shago? Wane zaɓi ke ga mai layin waya da aka ce masa a Disambar 2020 ya haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ko a toshe? Tambayar irin wannan mutum ko yana da "niyyar amfani" da fasaha izgili ne.

Ga kuma tambayoyi na gaske zube a ƙofar gidanmu. An fara tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 don a kori ma'aikatan bogi. Malaman jami'a suka ce bai san da zaman malamin da ya tafi hutun bincike ko mai koyarwar wucin gadi ba, kuma yana tauye 'yancin jami'a. Suka fito da nasu, UTAS. Rikicin yana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, sannan a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga tsarin. Ɗalibai sun zauna a gida kusan zangon karatu biyu, kuma wani ɓangare na dalilin gardama ce a kan wanda zai riƙe rumbun bayanan albashi. Haka nan rashin ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a shafin IReV a kan lokaci ya ci amanar da aka yi shekaru ana ginawa. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa kundi, amma sai an shiga ofisoshi, an zauna da akawu da mai binciken kuɗi, an jure rowar bayanai. Takardar tambayoyi ta fi sauƙi, shi ya sa ake gudu wurinta.

Ba zan ɓoye ba, makarantun ƙetare ma suna da nasu laifin. Mai ɗauke da tambaya a kan albashin malaman Najeriya zai iya tarar da mai duba aikin da ya fi son bayanan Amazon ko Uber, domin su ne ke shiga mujallu cikin sauƙi. Don haka kafin ka nemi makaranta, nemi malami. Karanta maƙalolinsa uku na baya-bayan nan. In ka kasa gama ɗaya ba tare da hamma ba, ka tuna cewa irinta za ka yi shekara biyar kana koyon rubutawa, sannan in ka samu koyarwa ka ƙara wasu shida kana rubuta irinta kafin a tabbatar da kai.

Ma'aikatan bankin nan biyu na ce musu su duba digirin digirgir na masu sana'a, wanda ake yi ana aiki kuma mutum ke biya da kansa, ko su haƙura da digiri na biyun da suke da shi. Ɗaya ya ji haushi, har yau bai sake kirana ba. Na ukun ne ya ba ni mamaki. Ya ce a hukumarsu an sayi manhajar adana fayiloli da kuɗi masu yawa, amma shekara huɗu ke nan kowane fayil sai an buga shi a takarda, masinja ya ɗauka ya kai ofishin darakta, domin daraktan ba ya sa hannu a kan abin da bai riƙe ba, ƙananan ma'aikata kuma sun gane cewa fayil ɗin da ke cikin kwamfuta ba ya "ɓacewa". Yana son ya san wa ke cin moriyar tsarin biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Shi na ce ya fara shirin jarrabawar GRE.