Tabarau Mai Sauya Duhu da Kansa: Saurin Washewa Ya Kamata a Tambaya

Duk mai yawo a TikTok ko Instagram ya san irin tallan nan: a riƙe farin tabarau, a haska masa 'yar tocila mai shuɗin haske, nan take gilashin ya rine ya koma baƙi, sai bidiyo ya ƙare. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne mintunan da ke biyo baya, lokacin da gilashin ke komawa fari. Ga mai zaman ofis wannan jinkirin ba wani abu ba ne. Amma ga masu hawan tsaunuka, da masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, da masu tashi sama da laima a tsaunukan Alps, a cikin waɗannan mintunan hatsari yake. Shi ya sa ya dace a riƙa auna irin wannan tabarau, wanda ake kira fotokuromik, da saurin washewarsa, kuma a matsa wa kamfanoni su rubuta lokacin a jikin kwali.

Me ya sa tsauni ke cin ido?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hasken UV, wanda ido ba ya gani, yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000 da mutum ya hau. Sabuwar dusar ƙanƙara kuma tana iya maido da har kashi 80 cikin 100 na wannan hasken, yayin da busasshen rairayi ke maido da kusan kashi 15. Ke nan wanda ke kusa da ƙololuwar Mont Blanc, mai tsayin sama da mita 4,800, yana shan hasken daga sama da kuma daga ƙarƙashin ƙafarsa.

Sakamakon shi ne makantar dusar ƙanƙara, wato ƙunar fatar da ta lulluɓe baƙin ido. Ciwo ɗaya ne da wanda ke kama mai walda idan ya yi aiki ba gilashi: a lokacin ba ya jin komai, sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu ido ya fara zuba ruwa, yana ji kamar an watsa masa yashi. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai kwana biyu a gida daban suke da kwana biyu a kan tsauni.

A watan Yunin 1950 tawagar Faransa ta kai ƙololuwar Annapurna a ƙasar Nefal, mai tsayin mita 8,091. Wajen saukowa hadari ya rufe su, sai Lionel Terray da Gaston Rébuffat suka cire baƙin tabarau don su ga hanya. Washegari dukansu biyu ba sa gani. Gajimare ya rage hasken da ido ke gani, amma bai tare hasken UV ba. Matsalar tabarau mai duhu ɗaya ke nan: idan gari ya lumshe sai ya tilasta wa mai shi ya cire, alhali idon yana bukatar kariya.

Babu na'ura a ciki, sinadari ne

Da yawa suna ɗauka wannan tabarau yana aiki ne kamar allon waya da ke ƙara haske ko ragewa da kansa. A waya akwai 'yar na'urar auna haske kusa da kyamarar gaba, akwai manhaja da ke yanke hukunci. A gilashin fotokuromik babu ko ɗaya.

Masu bincike biyu na kamfanin Corning a Amurka, William Armistead da Donald Stookey, su ne suka ƙirƙiro shi a shekarun 1960, ta hanyar cakuɗa ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa a cikin gilashi. Na roba ya bazu a farkon shekarun 1990, musamman ta hannun Transitions. A na robar, wani rini ne ake sakawa wanda ƙwayoyinsa ke buɗewa idan hasken UV ya taɓa su, su fara shanye haske, sai gilashin ya yi duhu.

Hasken UV ne ke buɗe su, amma ɗumi ne ke rufe su. Daga nan duk halayen tabarau suka samo asali. Yin duhu yakan ɗauki ƙasa da minti ɗaya, washewa kuwa mintuna da yawa. A cikin sanyi gilashin yana ƙara baƙi kuma yana ƙara jinkirin washewa. A cikin zafi ba ya kai ƙarshen duhunsa. A bayan gilashin mota, wanda ke tare mafi yawan hasken UV, yawancinsu ba sa yin wani duhun kirki. Babu wani sabunta manhaja da zai gyara wannan, domin halin sinadarin ne.

Inda ya yi zarra

Duk da haka, ga mai hawan tsauni wannan fasaha ta cancanci kuɗinta. Masu neman ƙololuwa sukan bar masauki tun cikin dare da fitilar goshi, rana ta fito musu a kan ƙanƙara, su sauko cikin inuwar daji da yamma. Mai tashi da laima hannayensa biyu suna kan igiyoyin birki, mai hawan ƙanƙara yana sanye da safar hannu mai kauri. Sauya tabarau a irin wannan hali wahala ce, wani lokacin ma kasada. A gasar Red Bull X-Alps, da aka fara a 2003, 'yan wasa suna ketare Alps da ƙafa da laima kawai, su hau tsauni a guje, su tashi, su sauka a kwari, su sake hawa. Tabarau ɗaya da zai yi aiki tun asuba har magariba babban sauƙi ne gare su.

Abu mafi muhimmanci, gilashin kirki yana tare hasken UV ko yana fari ko yana baƙi. Duhun don jin daɗin gani ne kawai. Kariyar tana cikin robar da abin da aka shafa mata. Saboda haka tabarau mai sassautawa idan hadari ya taso yana hana mai shi yin abin da Terray da Rébuffat suka yi.

Inda yake ba da kunya

Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, fitowar ce aiki. A ɗauki mai keken tsauni ko mai zamiya da ke gudun kilomita 36 a sa'a. Wannan mita 10 ne a kowane daƙiƙa. Idan ya fito daga fili mai rana ya faɗa cikin inuwar itatuwa, kuma gilashinsa na bukatar ko da minti ɗaya kafin ya sassauta, ya riga ya ci mita 600 yana kallon hanya ta cikin duhu, a wurin da saiwoyi da duwatsu suka fi yawa. Gudun laima a sama ma bai yi nisa da haka ba, kuma sau da yawa filin sauka yana cikin kwarin da tsauni ya riga ya yi wa inuwa. Daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatar ganin wayar lantarki da shinge, gilashinsa na ɗauke da duhun da ya kwaso daga sama mai sanyi.

Akwai kuma ranar da gajimare ya rufe tsauni mai dusar ƙanƙara. Hasken UV yana nan da yawa, sanyi yana nan, don haka gilashin ya yi baƙi ƙirin, alhali ido yana fama ne ya bambance tudu da rami a cikin farin da ba shi da inuwa. Sinadarin yana amsa wa hasken da ido ba ya gani, ba wanda ido ke gani ba.

A cikin jirgin sama mai rufi matsalar ta juya. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, a ƙasidarta ta shawara ga matuƙa, ta ja hankali kan waɗannan abubuwan: gilashin jirgi na rage hasken UV, ɗumi na rage duhu, washewa kuma na ɗaukar lokaci. Ta kuma ba su shawarar su guji gilashi mai tace ƙyalli, wanda ake kira folarais, domin yana iya sa allon na'urori ya dushe. Duk wanda ya taɓa juya wayarsa a kwance yana sanye da irin wannan tabarau, ya ga allon ya yi duhu, ya san abin da ake nufi. Masu laima da ke dogara da allon na'urar auna hawa da sauka, ko taswira a waya, su ma ya shafe su.

Lambobin da ke jikin tabarau

Ƙa'idar ISO 12312-1 ta kasa tabarau na rana kashi biyar bisa yawan hasken da ke ratsawa:

Rukuni 0: sama da kashi 80 cikin 100
Rukuni 1: kashi 43 zuwa 80
Rukuni 2: kashi 18 zuwa 43
Rukuni 3: kashi 8 zuwa 18
Rukuni 4: kashi 3 zuwa 8

Rukuni 4 na kan ƙanƙarar manyan tsaunuka ne, kuma ba a yarda a tuƙa mota da shi ba. Mai sauya duhu yana ɗauke da lambobi biyu. Julbo, kamfanin Faransa da aka kafa a yankin Jura a 1888, yana rubuta 0-3 ko 1-3 ko 2-4 a gilasansa na Reactiv. Mai 2-4 ya dace da ƙololuwa amma ya yi wa daji duhu da yamma. Mai 0-3 ya dace da keke da gudu amma bai isa kan ƙanƙara a mita 4,000 ba. 

Waɗannan lambobin sun faɗi inda gilashin ke farawa da inda yake tsayawa. Ba su faɗi tsawon lokacin da yake ɗauka a tsakani ba, ba su faɗi a wane sanyi ba. Mai sayen waya ba zai yarda da “batir mai ƙarfi” ba sai ya ga 5,000mAh, ba zai yarda da “allo mai santsi” ba sai ya ga 120Hz. A kasuwar tabarau kuwa har yanzu da “sauri sosai” ake sallamar mutane, a kan kayan da wani lokacin ya fi ƙaramar waya tsada.

Mai batir fa?

Akwai masu cewa lantarki ya riga ya warware matsalar. Suna da hujja. Hular walda mai duhu da kanta ta fito tun 1981 da sunan Speedglas daga Suwidin, kuma irin wannan dabarar ta allon LCD ta shigo wasanni. Uvex na Jamus ya fitar da Variotronic mai sauyawa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, Out Of na Italiya kuma ya yi nasa da ɗan ƙaramin faifan sola maimakon batir. Waɗannan suna bin hasken da ido ke gani, kuma washewarsu nan take ce.

Sai dai kowane da nasa cikas. Farashinsu ya yi sama, kuma kowa ya san yadda sanyi ke tsotse batir. Na'urar da za ta iya mutuwa a tsakiyar tafiyar kwana uku dole a yi mata madadi a jaka. Nan gaba wataƙila su ne za su mamaye kasuwa, amma a yau na sinadari ne a fuskar mafi yawan masu hawa, don haka shi ya kamata a fara tsananta wa tambaya.

Abin da mai saye zai duba

Na farko, shaidar UV400 daga kamfanin da za a iya tuhuma. Baƙin gilashi marar kariya ya fi rashinsa illa, domin ƙwayar ido na ƙara buɗewa a bayansa. Na biyu, lambobi biyu na rukuni. Na uku, rufin gefe, tunda a kan ƙanƙara haske ta ƙasa da gefe yake shigowa. Na huɗu, gwaji da agogon waya: a shanya tabarau a rana minti biyu, a shiga ɗaki, a ƙirga lokacin washewa. A sake gwadawa bayan an sanyaya shi a firiji, za a ga bambanci.

Gwajin nan ya shafi har masu sayen na kasuwa a Kano ko Yamai, inda akasin haka ke faruwa: a zafin watan Afrilu gilashin ba zai kai baƙin da aka gani a bidiyo ba, kuma ba lallai jabu ne ba.

Mai saye bai kamata ya zama ɗakin gwaji ba. Kamfanonin da ke sayar wa mutanen da ransu ke rataye da ganinsu suna da waɗannan alƙaluman a ɗakunan bincikensu. Layi ɗaya ya isa a jikin kwali: daƙiƙa nawa gilashin ke ɗauka kafin ya washe a digiri 25, da kuma a digiri 0. Har sai sun rubuta, mai hawa ya ɗauka cewa tabarau ɗinsa ya fi abin da aka faɗa masa jinkiri, ya rage gudu kafin ya shiga inuwa.