Masu jiran sabon furosesa, jiran gawon shanu kuke yi

Yau sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya ji.

Jiya a hostal na ji wani yana ba ɗan aji uku shawara: wai kar ya sayi laftof yanzu, ya jira sabon zubin furosesa ya fito, tsofaffin za su yi araha. Yaron nan furojet ke gabansa, kwamfutarsa kuma sai ta yi minti biyar kafin ta buɗe Word. Wallahi raina ya ɓaci, don irin shawarar nan ce ta taɓa cin kuɗina.

A 2023 na tara 'yan kuɗaɗena, har na ga wata HP mai kyau a kasuwar Jimeta. Sai masu kallon YouTube suka ce in dakata, Intel na dab da fito da zubi na 14. Na dakata. Ya fito kuwa a watan Oktoba. Amma kafin nan, a watan Yuni, gwamnati ta saki naira. Dalar da ba ta kai 800 ba a kasuwar bayan fage ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Da na koma shagon, kuɗina ko kusa ba su kai ba. Shekarar nan a shagon buga takardu na ƙare, ina biyan kuɗi shafi-shafi.

Ku gane mana! Maganar "sabo ya fito, tsoho ya faɗi" ta Amurka ce. Mu kayan da ke zuwa mana na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su. Sai sun sauka Legas, su bi ta Ikeja ko Kano, sannan su iso Adamawa. Dala ce ke yanka musu farashi, da kwastan, da kuɗin mota. Furosesan da aka ƙaddamar yau, sai bayan shekaru zai shigo aljihun ɗalibin da ke lissafin naira 20,000 ta NELFUND.

Kuma don Allah me za ka yi da shi? SPSS ne, ko Excel, ko rubutun babi biyar? Ko masu AutoCAD na injiniya a MAU, Core i5 mai lafiya ya ishe su aikin aji. Yawancin nawar da muke kuka da ita ba laifin furosesa ba ne, tsohon hadis ne da ƙarancin RAM. Ka sa SSD, ka kai RAM 8GB, ka ga yadda tsohuwa ke komawa budurwa.

Abu ɗaya zan yarda da shi: kar ka sayi tarkace don gaggawa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 a hukumance. To nan ne iyakarka. Mai shago ya ce maka "ai i7 ce", ka tambaye shi zubi na nawa. Sannan ka cire caja ka gwada batir a gabansa, ka saurari fanka. A zafin Yola na Maris da Afrilu, ga wuta ba tabbas, batir da fanka sun fi maka sunan furosesa amfani.

In taka tana aiki, riƙe abarka, kar ka bi yayi. In tana hana ka karatu kuma kuɗin na hannu, je ka saya cikin satin nan. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Intel ba za ta daina fito da sabo ba, amma sufabaiza ba zai ɗaga maka ranar difens ba.

Wanda ya jira ya ci riba a Jimeta, ya zo ya faɗa mana. Ina nan.