Ƙofar da muke latsawa a salula, ina take kai mu?

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, fatake daga Agadas ko Kano ba sa faɗa wa gari ta inda suka ga dama. Ƙofa sananniya ce, mai masauki a Zango shi ma sananne ne. To yau ciniki mai yawa na Kasuwar Dole ya koma cikin salula: hoton atamfa a Facebook, farashin buhun gero a WhatsApp, kuɗi kuma ta Nita, Amana ko Airtel Money. Ƙofar wannan sabuwar kasuwa ita ce shuɗin rubutun nan da ake turo mana a ce mu latsa, wato mahaɗi. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wanda ya gina shafi shi ke zaɓar inda ƙofar za ta buɗe, ba mu ba.

Mai gina shafi yana iya umartar mahaɗi ya buɗe a tagar da muke ciki, ko a sabuwar taga, ko kuma cikin wani ɗan akwati da ake kira firam, wanda aka dasa a tsakiyar shafin wani. Firam ɗin nan tsoho ne, burauzar Netscape ce ta fito da shi tun wajen 1996. Illarsa kuwa ita ce, adireshin da ke saman allo na mai gida ne, amma kayan da ke cikin akwatin na wani ne daban. Kamar mutum ya shiga rumfar da aka rubuta sunan Alhaji wane, alhali wanda ke zaune a kan buzu baƙo ne. A 2008 masana tsaron intanet biyu, Jeremiah Grossman da Robert Hansen, suka nuna yadda ɓarawo ke ɗora firam marar ganuwa a kan maɓalli, mutum ya latsa yana zaton hoto zai gani, ashe izini ya bayar. Tun 2009 akwai umarni ɗan layi ɗaya da shafi zai sa ya hana kowa cusa shi cikin firam.

Sabuwar taga ma tana da nata. A 2010 Aza Raskin ya bayyana dabarar da taga ke sauya kamanni a bayan idonmu, ta rikiɗe ta zama shafin da ke neman lambar sirri. Masu burauza sun toshe wata hanyar wannan ta'asa, Firefox a 2020, Chrome a farkon 2021. Sai dai wannan gyara bai amfani mai tsohuwar salula da ba a taɓa sabunta manhajarta ba, kuma irinsu ba su da wuyar samu a kasuwanninmu, daga Zinder har Mirriya da Magarya.

Wanda ya fi damunmu shi ne na uku. Idan muka latsa mahaɗi a Facebook, Instagram ko TikTok, galibi ba ya fita zuwa Chrome, a cikin ɗakin manhajar yake buɗewa. A 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa waɗannan manhajoji suna cusa nasu umarnin a cikin shafukan da aka buɗe ta haka. A irin wannan taga adireshi ƙanƙane ne, wani lokaci ma a yanke. Ga Hajiya mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ba ta yi boko ba, tambarin kamfani da launinsa kawai take ganewa, su kuwa kowane yaro yana iya kwaikwayonsu cikin minti goma.

Don haka ra'ayinmu a fili yake. Bankuna, kamfanonin aika kuɗi da ma'aikatu su gina shafukansu yadda duk wurin da za a rubuta lambar sirri zai buɗe a cikakkiyar taga, adireshi a bayyane, ba cikin firam ba. Hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a da ARCEP mai kula da sadarwa su sa ido kan haka, su kuma yi bayani da Hausa a rediyo, ba da Faransanci kaɗai ba. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019 tana nan, amma doka bayan ɓarna take aiki, jarin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo. Samarin da ke gina wa ƴan kasuwa shafuka su ma su daina jibga tagogi biyar a kan latsawa ɗaya, kuɗin data ne na talaka ke ƙonewa.

Mu kuma, ƴan uwa maza da mata, idan shafi ya buɗe a cikin Facebook, mu taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar sama mu zaɓi buɗe shi a burauza, sannan mu karanta adireshin, ko mu ba yaron shago ya karanta mana harafi bayan harafi. In maganar kuɗi ce, mu bar mahaɗin da aka turo, mu buɗe manhajar kamfanin da kanmu ko mu taka zuwa ofishinsu. In kuwa saƙon ya zo da sunan abokin ciniki na Kano ko Maraɗi, mu kira shi mu ji muryarsa kafin mu latsa.